Wuyan ma'aikaci ba ƙugiya ba ne

A ofisoshin Maraɗi da Damagaram, kamar a rumfunan manyan ƴan kasuwa, akwai wata ɗabi'a da ido ya saba da ita har ya daina ganinta: mutum ya maƙale kan tarho tsakanin kunne da kafaɗa, hannunsa na rubutu. Wani akawun kamfanin jigilar kaya a Maraɗi ya shekara goma sha a haka, yana ɗaukar lambobin motoci daga Kano da Yamai. Da wuyansa ya sanƙare, har waiwayen sallama a ƙarshen salla ya zame masa aiki, sai likita ya ce masa maganin ba ƙwaya ba ne, ya sauke tarho daga kafaɗa.

Na'urar da ake sawa a kai, mai abin sauraro da makirfo, ba baƙuwa ba ce. Matuƙan jirgin sama biyu ne suka kafa kamfanin Plantronics a Amurka a 1961 don rage mata nauyi, kuma da ƙirarsu Neil Armstrong ya yi magana daga duniyar wata a 1969.

Akawun bai bi ƙyalƙyali ba, domin araha ba ta ado. Ya fara duba nauyi, tunda abin da zai wuni a kai bai kamata ya matse ba. Ya ɗauki mai kunne guda, don ya riƙa jin sallamar direbobin da ke shigowa. Mai kunne biyu ta fi dacewa da zauren da hayaniya ta cika. Ya zaɓi matashin soso a kan na fatar roba, saboda gumin watan Afrilu. Ya fifita mai igiya, wadda ba ruwanta da caji ranar da wuta ta ɗauke, ya kuma tabbatar bakinta ya shiga tarhon tebur, don ba kowace ke shiga ba. Makirfo kuwa ya tsayar da shi tazarar yatsa biyu daga gefen baki.

Saura kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa baligi ƙarar desibel 80 na awa 40 a mako. Wanda ya ƙure murya ya ceci wuya ne ya sayar da ji.

Tambayar da ta rage ta shugabannin ma'aikatu ce da iyayen gidan ƴan kasuwa. Wanda ya sayi tebur da tarho don aiki, shi ya cancanci sayen wannan na'ura. Tebur in ya karye akwai kafinta, wuyan bawan Allah kuwa babu shi a kasuwa.