Owendo: Inda Mota Ta Tsaya, Jirgi Bai Iso Ba

Yawancinmu mazauna Libreville mun san Owendo ne a matsayin wurin da ake zuwa karɓar kaya ko raka baƙo tashar jirgin ƙasa. Mu ma haka muka ɗauke ta, sai ranar wata Asabar da muka kwashi 'yan makarantarmu goma sha biyu, 'yan ajin ƙarshe, muka shiga motar haya muka nufi can domin buɗe ido. Mun tafi da niyyar nuna musu manyan jiragen ruwa, amma muka komo da wata tambaya wadda har yau ba ta bar mu ba.

Garin yana kudu da Libreville, a bakin faffaɗan ruwan nan inda kogin Komo ke shiga teku. Tun kafin mutum ya hangi ruwa zai san ya iso, saboda jerin manyan motoci da ƙurar da suke tayarwa. Ba a barin kowa ya shiga cikin tashar jiragen ruwa sai da takarda, don haka muka sami wani tudu a waje muka tsaya. Daga nan ana hangen injunan ɗaga kaya, da tulin ma'adinin manganis baƙi ƙirin, da taragu a jere kamar ayarin fatake.

Da jirgin ƙasa muka fara darasi. Daga nan Owendo ne layin dogon Transgabonais ya tashi. An soma aikinsa a ƙarshen 1973, ya kai Ndjolé a 1978, ya kai Booué a 1983, sa'an nan ya isa Franceville a 1986, tafiyar fiye da kilomita 640 cikin kurmi da fadama. Kafin a gama shi, manganis ɗin Moanda ta sama yake barin ƙasar, a cikin bokitai da aka rataya a igiyar ƙarfe mai tsawon kilomita 76 zuwa Mbinda ta ƙasar Kwango, daga can a ɗora shi a jirgin ƙasa zuwa Pointe-Noire. Muka nuna wa yara yadda ƙafar tarago take: ƙarfe ne a kan ƙarfe, babu gogayya mai yawa, shi ya sa inji ke jan abin da motoci ɗari ba za su ɗauka ba. Gungumen da aka jera a ƙarƙashin dogon kuwa su ne ke raba nauyin ga ƙasa don kada ta lotsa.

Da rana ta yi, muka gangara wajen masunta. Ruwa ya janye, ya bar laka fetal har iyakar ganinka. Kwale-kwale suna kwance a gefe ɗaya, itatuwan bakin teku, waɗanda ake kira palétuvier da Faransanci, sun tsaya a kan saiwoyinsu kamar masu tattare riga. Wani yaro ya taka ƙafa ɗaya, sai ga shi ya nutse har gwiwa, da ƙyar aka zaro takalminsa. Ana cikin dariya sai wata yarinya ta ce, "Malam, mota ba ta bin nan, jirgi ma ba ya bi. To, wannan wuri na wane ne?"

Tambaya ce ta yara, amma ita ce ta sha kan manyan maƙera fiye da shekara ɗari. Amsarta guda ce: a baza nauyi. Kakanninmu da suka yi fatauci a Hamada sun san haka, domin tafin raƙumi faffaɗa ne, yana bajewa a kan rairayi inda kofaton doki zai nutse. Kamfanin Citroën ya bi wannan dabara a 1924, lokacin da ya turo motoci takwas masu taya a gaba da bel ɗin roba irin na katafila a baya. Sun taso daga Colomb-Béchar ta Aljeriya, suka ƙetare Hamada, suka bi ta Yamai da Damagaram har Tafkin Chadi. A 1942 kuma Amurkawa suka ƙera wata mota mai taya shida da ake kira DUKW, jikinta kamar kwale-kwale, da farfela a baya. Tana fitowa daga ruwa direba zai rage iskar tayoyi daga inda yake zaune, tayar ta baje a kan rairayi, in ya hau titi ya mayar da iskar. Sai dai ita ma irin wannan laka mai zurfi takan kama ta.

Wanda ya zo da amsar da ta fi kowace ban mamaki shi ne wani injiniya ɗan Ingila, Christopher Cockerell. Wajen 1955 ya sa ƙaramin gwangwani a cikin babba, ya hura iska ta tsakaninsu, ya ga iskar da ke fita ta gefe tana tare wadda ke tsakiya, har ta zama matashi mai ɗaukar nauyi. Ranar 25 ga Yuli 1959 jirginsa na farko, SR.N1, ya ƙetare ruwan da ke tsakanin Faransa da Ingila. Daga baya aka ɗaura masa zani na roba kewaye da gindinsa, wanda ya ba shi damar haye duwatsu da igiyar ruwa. Shi ne masu Faransanci ke kira aéroglisseur, mu kuwa a aji mun sa masa suna jirgin matashin iska. Fanka ɗaya ke ɗaga shi, farfela ke tura shi, kuma da yake nauyinsa ya bazu a kan dukan faɗinsa, danninsa ga ƙasa bai kai na ƙafar mutum ba. Watau lakar da ta haɗiye takalmin ɗalibinmu, shi a wurinsa titi ce.

Ba baƙo ba ne ma a ƙasashenmu. A 1969 wata tawaga ta Turawa ta ɗauki irin wannan jirgi, SR.N6, daga Sanagal, ta bi kogin Kwara da Binuwai da Tafkin Chadi har zuwa Kinshasa.

Yara suka ɗauka da murna. Ɗaya ya ce da shi za a riƙa zuwa Pointe Denis cikin ƙiftawar ido, wani ya ce Port-Gentil, garin da mutanensa suka dogara da jirgin ruwa da na sama. Nan fa hira ta yi sanyi, domin babu wanda ya manta da daren 9 ga Maris 2023, lokacin da jirgin Esther Miracle ya nutse a kan wannan hanya, rayuka da dama suka salwanta. Maganar abin hawa a ƙasa irin Gabon magana ce ta rai.

Wani dattijo bakanike, Bahaushen Bitam, wanda ya daɗe yana gyaran manyan motoci a Owendo, yana zaune kusa yana saurarenmu. Da muka gaisa sai ya ce, "Malam, na ji bayaninka. Amma in zanin nan ya yage, wa zai ɗinke? Kuma man da zai sha, wa zai biya?" Muka ce, "Baba, ai ka gama magana." Gaskiyarsa ce, tarihi ma ya tsaya masa shaida. Babban jirgin SR.N4, wanda ke ɗaukar fasinja 418 da motoci 60 tsakanin Ingila da Faransa, an ajiye shi a watan Oktoba na 2000, saboda shan mai, da tsadar gyara, da kuma ramin jirgin ƙasa na ƙarƙashin teku da aka buɗe a 1994. Na Faransa, Naviplane N500, bai ma yi wannan tsawon rai ba. Jirgin yana da ƙara, ba ya son babbar igiyar ruwa, ba ya hawan tudu mai tsayi, ga shi gungumen da ke yawo a ruwanmu abokan gāba ne ga zaninsa. Inda ya zauna daram shi ne gajeren zango da aikin ceto a cikin laka da ƙanƙara, kamar jigilar da ake yi zuwa tsibirin Wight na Ingila tun 1965.

A hanyarmu ta komawa gida muka yi ta juya maganar dattijon nan. Duk abin da muka gani yana tafiya a Owendo, daga tarago zuwa kwale-kwalen katako mai injin baya, ya rayu ne domin akwai hannun da ya san gyaransa a nan kusa. Ƙira komai kyanta, in ba ta da mai gyara, kwananta kaɗan ne. To, a cikin waɗannan hannuwa, nawa ne na 'ya'yanmu? Mu Hausawan Gabon an san mu da kasuwa da tuƙi, kuma ba abin kunya ba ne. Amma in yaro ya nuna sha'awar kwance rediyo ko keke, sau da yawa sai mu ce ɓarna yake yi, mu tura shi tsaron shago. Ga makarantar koyon sana'ar hannu da fasaha nan cikin Owendo, iyaye nawa ne a cikinmu suka taɓa leƙa ta?

Ranar Litinin yarinyar nan mai tambaya ta zo aji da tsohon faifan CD, da murfin gora, da balan-balan. Ta manna murfin a tsakiyar faifan, ta hura balan-balan ta ɗaura a kai, ta ajiye a kan tebur. Faifan ya ɗago kaɗan, ya sulale har ƙarshen tebur ya faɗi, aji ya kaure da tafi. Ta ɗauke shi ta duba gindinsa, ta ce gobe za ta yi masa zani.

Iyaye, a riƙa kai yara Owendo, kuɗin mota ne kawai. A duba lokacin da ruwa ke janyewa, kuma a sa musu tsofaffin takalma.