Makarantar Kwana a Tsakiyar Teku

Mu bakwai ne. Ɗaki ɗaya muka zauna a wata makarantar kwana kusa da birnin Katsina, tun muna 'yan aji ɗaya masu kukan gida har muka yi kandi a 2008. Daren da muka ɗaure akwatuna, mun tsaya a gindin darbejiyar da ke bakin ɗakin cin abinci, muka yi wa juna alkawarin cewa duk shekara sai mun haɗu, ko ana ha-maza-ha-mata. Daga wannan dare zuwa yau ba mu sake cika mu bakwai a wuri ɗaya ba. Ko sau ɗaya.

Wani ɗan bidiyo ne ya tono tsohon alkawarin. Mai shagon gyaran waya a cikinmu ne ya turo shi wani dare, ya rubuta a ƙasa: "Jama'a, ku zo ku ga yadda ake ɓarnar kuɗi." Dandalin kokawar Turawa ne mai igiyoyi, ƙarti biyu suna ta jibgar juna, 'yan kallo suna ihu. Sai dai a bayan 'yan kallon babu bango, babu gini, ruwa ne iya ganin ido. A saman jirgin ruwa aka kafa dandalin, jirgin kuma yana tsakiyar teku. Ashe shahararren ɗan kokawar nan Chris Jericho ne ya fara shirya irin wannan tafiya a watan Oktoban 2018, daga Mayami ta Amurka zuwa tsibiran Bahamas, domin masu son kokawa da kiɗa su kwana huɗu tare da gwanayensu.

Bari mu ɗan yi muku bayani, ƙannenmu, don mu ma sai da muka bincika. Akwai manyan jiragen ruwa da ba a hawansu don a je wani gari. Otal ne mai yawo: ya tashi daga tasha, ya zaga wasu tsibirai, ya dawo da kai inda ya ɗauke ka. A ciki ake ci, a ciki ake kwana, a ciki ake wasa. Wanda ake kira Icon of the Seas, da ya fara ɗaukar fasinja a Janairun 2024, tsawonsa ya kai mita 365, wato ya fi filin ƙwallo uku a jere. Hawa 20 ne da shi, kuma idan ya cika maƙil yana ɗaukar fasinja 7,600, ban da ma'aikata 2,350. Ku ƙirga ɗaliban makarantarku ku ga sau nawa za su shiga ciki.

To, a cikin wannan harka akwai wani reshe. Kamfani zai ɗauki shatar jirgi sukutum, ko wani ɓangarensa, ya ce wannan tafiyar ta masu son abu kaza ce. Akwai ta masu son wani kiɗan jita mai tsananin ƙara, 70000 Tons of Metal, wadda aka fara a 2011. A 'yan shekarun nan ƙungiyoyin makaɗa 60 ake kwasa, kowace ta yi wasa sau biyu. Akwai ta masoya Star Trek, wani tsohon shirin talabijin na tafiya sararin samaniya da aka fara nunawa tun 1966, inda za ka ga dattijo da furfurarsa ya sa kayan 'yan wasan, ya manna dogayen kunnuwan roba, ya zauna cin abinci a haka. Akwai ta masu saƙa. Har ta masu son kyanwa akwai, kuma abin dariyar, ba a yarda a shiga jirgin da kyanwa ba, sai dai kowa ya fito da hoton tasa ya nuna. Wasu abubuwan da ake yi a jiragen nan, irin su giya da caca, ba namu ba ne, ba su kuma burge mu ba. Mun dai sha dariya a daren nan.

Malamin makarantar da ke cikinmu ne kaɗai bai yi dariya ba. Can wajen ƙarfe goma sha ɗaya sai ga saƙon muryarsa. Ya ce: "Ku tsaya, mutanena. Wuri ne da an kewaye ka, ba ka da hanyar fita. Wani ne yake dafa maka abinci. Kullum ana ba ka jadawalin abin da za a yi, awa bayan awa. Ɗakin kwanan ɗan ƙarami ne, wani ma ko taga babu. Duk wanda ka ci karo da shi a hanya zancenku ɗaya. Babu mai gidan haya, babu cefane, babu mai sallama da kai a ƙofar gida. Don Allah mene ne wannan in ba makarantar kwana ba? Mu da muka yi shekara shida a ciki muna kankare kwanakin fita a jikin bango!"

Aka yi tsit. Mun san akwai bambanci. Su ba su da siniya mai sa mutum tsallen kwaɗo, ba sa fita lebo ranar Asabar, kuma abincinsu ba gabza da miyar kuka tsululu ba ne. Amma maganar ta zauna mana. Mutumin da ya manyanta, yana da aiki, yana da iyali, abin da ya fi masa wahalar samu shi ne kwana huɗu a jere tare da masu son abin da yake so, ba tare da an kira shi a waya an ce gas ya ƙare ko yaro ba shi da lafiya ba. Har sai ya biya kuɗi an sa teku tsakaninsa da gida. Ku kuwa yanzu haka kuna da abokai talatin ko arba'in da kuke wuni tare kullum, ba wanda ya nemi izinin oga, ba wanda ya duba aljihu. Mun san ba za ku yarda cewa wannan wani abu ne ba. Mu ma da aka faɗa mana ba mu yarda ba.

Sai malamin asibitin cikinmu, wanda ya saba kwanan aiki, ya jefo tasa tambayar: "To wa yake wanke kwanukan?" Ma'aikatan nan 2,350 su ma manya ne masu iyali. Da yawa daga cikin masu aiki a irin waɗannan jirage daga Filifin da Indonesiya da Indiya suke zuwa, su yi wata shida zuwa tara a kan ruwa, aiki kullum babu ranar Lahadi, suna tura kuɗi gida. Akwai yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 2006 a kan ma'aikatan jiragen ruwa, kuma ɗaya daga cikin ƙa'idojin da ta ba ƙasashe zaɓi a kai ita ce kada hutun ma'aikaci ya gaza awa 77 a mako. Ku yi lissafin da kanku: mako awa 168 ne, ke nan mutum yana iya yin aikin awa 91 ba a karya doka ba. Nan take muka tuna da wani baba da yake hura wutar girki a makarantarmu tun kafin kiran sallar asuba, idanunsa kullum jajur saboda hayaƙi. Shekara shida muna zagin tuwonsa. Babu ɗayanmu da ya taɓa tambayar ko 'ya'yansa nawa.

A cikin duk tafiye-tafiyen da muka karanta, guda ɗaya ce ta sa mu kishi na gaske. A watan Yunin 1973 wani jirgi mai suna Canberra ya tashi daga birnin New York ya nufo gaɓar Afirka ta Yamma, cike da masana da masu sha'awar taurari, don kawai su ga husufin rana na ranar 30 ga wata, wanda duhunsa ya ratsa Muritaniya da Mali da arewacin Nijar da Chadi. A cikin jirgin har da Neil Armstrong, mutum na farko da ya taka duniyar wata a 1969, da marubucin nan Isaac Asimov. Akwai kuma wani yaro baƙar fata ɗan shekara 14, sa'an wasunku, da ya samu tallafi ya shiga tafiyar. Sunansa Neil deGrasse Tyson, kuma yau yana cikin fitattun masana taurari a Amurka.

Dalilin kishin namu shi ne mu ma mun taɓa ganin irin wannan, kuma ko kwabo ba mu biya ba. Ranar Laraba 29 ga Maris 2006, muna aji huɗu, cikakken husufi ya bi ta kan Gusau da Katsina. Da hantsi rana ta fara disashewa, iska ta yi sanyi, tsuntsaye suka ruɗe, sannan duhu ya rufe mu ɗif na 'yan mintuna, yara suna ta salati, malamai suna shirin sallar husufi. A wannan rana akwai jiragen ruwa a Bahar Rum ɗauke da mutanen da suka biya maƙudan kuɗi don su ga abin da ya iske mu a filin ƙwallo. A cikinmu akwai wanda muke kira mai taurari, don bayan an kashe fitila yakan sulale ya kwanta a filin nan yana kallon sama, ya san Zara, ya san Kaza da 'Ya'yanta. Ranar husufin nan kuka ya yi. Yau a banki yake aiki, yana bin 'yan kasuwa bashi. Da muka tuna masa, sai ya ce rabonsa da ɗaga kai sama da gangan har ya manta, in ba hadari ya haɗo yana kan babur ba.

A daren muka yanke shawara. Mayami ta fi ƙarfinmu, ko bizar ba mai ba mu. Amma Yankari tana nan a jihar Bauchi, da giwayenta da ruwan ɗumin Wikki. Kwana biyu, mu bakwai, kowa ya kashe waya. Muka buɗe asusu, naira dubu biyar kowane wata, malamin asibiti ne ma'aji.

Wata uku na farko komai lafiya. An yi wa ɗayanmu haihuwa, wani ya samu ƙarin girma, har muka fara gardamar motar wa za a shiga. A wata na huɗu mai gidan haya ya ƙara wa malamin makaranta kuɗi, ya nemi a ɗaga masa ƙafa. A na biyar direban cikinmu injin motarsa ya buga. Aka ɗage tafiya daga bayan Ƙaramar Sallah zuwa bayan Babba, daga nan zuwa hutun Disamba. Da muka ji labarin wasu da suka sayar da gidajensu don shiga wata tafiyar jirgin ruwa ta shekara uku, sannan aka soke ta a Nuwamban 2023 saboda kamfanin bai samu jirgin ba, sai muka ce to, namu da sauƙi.

Ashe da sauran rina a kaba. Wani dare aka kwashi mahaifiyar mai gyaran waya zuwa asibiti, likita ya ce sai an yi aiki kafin gari ya waye, kuma sai an ajiye kuɗi. Ma'aji bai kira kowa ba, ya kwashe asusun gaba ɗaya ya biya. Mako biyu bai faɗa mana ba, shi yana jin nauyi, mai gyaran waya yana jin kunya. Da maganar ta fito, mai taurari ya fusata. Ya ce: "Malam, da ka kira ni a daren nan, da na ƙara da nawa. Amma ka san na hana 'yata sabon takalmin makaranta don kada in saɓa zubi? Sai ka mayar da ni bare?" Ya daina amsa wayar kowa har wata uku.

Mun daɗe muna juya wannan magana. A ganinmu ma'aji ya yi daidai da ya biya, duk cikinmu ba wanda zai zaɓi ruwan Wikki a kan ran Inna, matar da take kawo mana ƙuli-ƙuli da yaji ranar ziyara ta raba mana kamar duk ita ta haife mu. Amma shirun mako biyun nan kuskure ne, kuma ya kamata a ce shi ya fara zuwa ya ba da haƙuri, ba sai da muka matsa masa ba. A makaranta in irin wannan ta faru, dole ku haɗu a layin abinci da safe, dole ku kwana ɗaki ɗaya, kafin Juma'a an shirya. Yanzu kowa da garinsa, mutum yana iya yin fushi har wata uku ba abin da zai tilasta masa ganin fuskarka.

Inna ta warke. Wata Asabar muka je gaishe ta, mu biyar, aka shimfiɗa mana tabarma a tsakar gida. Ta sa aka dafa garau-garau, ta ce ta san cimarmu ce. Mun fara ci ke nan sai ga sallamar mai taurari, da ledar lemo a hannu. Ya durƙusa ya gaishe da Inna, ya wanke hannu, ya zauna kusa da ma'aji, ya ce: "Malam, matsa mini, ka cinye wajen waken." Na bakwai ɗinmu soja ne, yana bakin aiki a arewa maso gabas. Mun kira shi ta bidiyo, muka jingina wayar a jikin buta, ya ga fuskokinmu na kamar minti biyu kafin layin ya yanke. Kafin la'asar direba ya miƙe, yana da lodi, malamin asibiti kuma yana da aikin dare.

Mai gyaran waya yana mayar da kuɗin kaɗan-kaɗan, duk da mun ce ya bari. Yanzu duk abin da ya shiga asusu ko ya fita, ma'aji yana sanar da kowa a ranar. An sa ranar Yankari mako biyu bayan Babbar Sallah mai zuwa. Mutum biyu sun riga sun ce sai sun ga yadda aiki ya yi.