Rigar da Baffa ya gane a waya

Baffana ya shafe fiye da shekara 50 yana aikin hannu a kan manyan riguna, kafin ido ya fara yi masa gardama ya ajiye allura. A damunar bara na je gaishe shi. Muna zaune a zaure bayan sallar La'asar, sai hira ta kai mu ga kayayyakin da Turawa suka kwasa daga ƙasar nan. Na ciro waya, na buɗe shafin wani gidan adana kayan tarihi na Ingila da ke sanya hotunan kayansa a intanet, na nemo wata riga da na taɓa gani a can, na miƙa masa.

Ya sa tabarau, na nuna masa yadda ake buɗa hoto da yatsu biyu har zare ya fito ɗaya-ɗaya. Ya daɗe yana dubawa bai ce uffan ba. Can sai ya ce, "Wannan saƙi ce, aska takwas. Dubi zaren aikin, tsamiya ce. Ga tambari nan, ga gidan biyar. Shafin kuwa alharini ne, wanda fatake kan kawo ta hamada." Ya ɗago ya dube ni. "Me suka rubuta a ƙarƙashi?"

Na fassara masa: riga ce ta maza daga Arewacin Nijeriya, ga lambar ajiyarta, ga shekarar da ta shiga hannunsu, ga sunan Baturen da ya ba su.

"Ba su faɗi wanda ya yi ta ba?"

"Ba su faɗa ba, Baffa."

Ya girgiza kai. "Riga irin wannan, ɗan nan, ba ta fitowa daga hannun mutum ɗaya. Akwai mai kaɗi, da masaƙi, da marini, da malamin da ya zana aikin, da mai ɗinki, da mabugi. Aikin wuyan kaɗai yakan ci watanni. Duk an manta da su, an tuna da wanda ya sa ta a akwati."

Tun ranar maganar nan take yi mini yawo a zuciya. Ba don kundin nan na intanet ba, da Baffa bai taɓa ganin rigar ba, domin ba shi da biza, ba shi da kuɗin jirgi, kuma mafi yawan kayan irin waɗannan gidaje a ɗakunan ajiya suke, ba a baje su ga masu ziyara ba. Gani ya kori ji. Amma kuma abin da tsohon ya karanto daga hoton cikin 'yan mintoci ya ninka abin da masu rigar suka rubuta a kanta. Rigar tana can, iliminta yana nan, kuma masu ilimin suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Mutanen Benin sun riga mu gane wannan. A 1897 sojojin Birtaniya suka ci birninsu, suka kwashe dubban kayan tagulla da hauren giwa, waɗanda suka watsu a duniya. A watan Nuwamba na 2022 aka buɗe shafin Digital Benin, wanda ya tattara bayanan kaya 5,246 da ke ajiye a cibiyoyi 131 na ƙasashe 20. Abin da ya fi burge ni shi ne an jera kayan da sunayensu na harshen Edo, an kuma haɗa da tarihin baka daga bakin mutanen garin. Ga mai neman a maido masa da kayan kakanninsa, wannan babban makami ne, domin ba ka iya biyo bashin abin da ba ka san inda yake ba.

Sai dai kafin mu nuna wa Turawa yatsa, mu dubi gida. Muna da Gidan Makama a Kano, da gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952, inda aka tara gumakan yumɓu na Nok. Muna da kwalekwalen Dufuna da aka gano a 1987 a yankin da ke Jihar Yobe a yau, wanda ya kai kimanin shekara 8,000. Muna da rubuce-rubucen malamai a Gidan Arewa da ke Kaduna. Yaya ɗalibin da ke Damagaram ko Kumasi zai san abin da ke cikin waɗannan taskoki in ba shi da kuɗin mota?

Bayan hirarmu da Baffa na ziyarci wani gidan tarihi a nan Arewa, wanda ba zan ambaci sunansa ba. Ma'aikacin da ya karɓe ni mutumin kirki ne, ya san kayan kamar yunwar cikinsa. Da na nemi jerin abin da suke ajiye da shi, sai ya ɗauko wani littafin rajista da gara ta ci gefensa, tawada ta koɗe a shafuka da dama. Ya ce shi kaɗai ne kwafin da suke da shi. Na tuna gobarar da ta laƙume gidan tarihi na ƙasar Brazil a 2018, mai ɗauke da kaya kusan miliyan 20. Na tuna yadda a 2023 gidan tarihi na British Museum ya sanar cewa kaya kusan 2,000 sun ɓace ko sun lalace, da yawansu ba a yi musu cikakken rajista ba. In haka ta faru ga masu hannu da shuni, ina ga mu?

Wasu na tsoron cewa sanya hotuna a intanet nuna wa ɓarawo hanya ne. Ni a ganina kayan da aka ɗauki hotonsa, aka yi masa lamba, duniya ta san shi, ya fi wuyar sayarwa a ɓoye. Wasu kuma na cewa hoto zai zama hujjar da Turawa za su riƙe don kada su maido da komai. Wannan tsoro yana kan hanya, shi ya sa dole mu riƙa nanata cewa kundi matakin farko ne na neman haƙƙi. Akwai kuma kayan asiri da na ibada da bai dace a baje su ba sai da yardar masu su.

Aikin bai fi ƙarfinmu ba. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa da sassan nazarin tarihi na jami'o'inmu za su iya tura ɗalibai su ɗauki hoton kowane kaya, su auna shi, su rubuta bayaninsa da Hausa tare da Turanci. Mafi muhimmanci, a gayyato tsofaffin maƙera da dukawa da marina da maɗinka, a nuna musu kayan, a naɗi muryoyinsu, a liƙa a kundin da sunayensu.

Ni dai na fara da abin da nake iyawa. Na koma wurin Baffa, na sake buɗe hoton, na naɗi bayaninsa tun daga wuya har shafi. Na rubuta shi, na aika wa masu rigar da roƙon su ƙara a kundinsu. Duk lokacin da na je gaisuwa, tambayarsa ta farko bayan an gaisa ita ce, "Mutanen naka sun gyara?" Allah Ya sa su gyara yana raye.