Wat Shidda Sun Ishi Mai Koyo

Yau zan yi magana ne a kan wani ɗan akwati da ke ɗakina, wanda ya girme ni da ƴan shekaru. Ampili ne na gita, wato na'urar da ke ƙara wa gitar lantarki murya, irin na dā mai aiki da kwalaben gilashi, waɗanda tsofaffin masu gyaran radiyo ke kira lamp. Sunansa Fender Champ, ƙirar Amurka, na wajajen ƙarshen shekarun 1970. Ƙarfinsa wat 6 ne kacal, yaro ɗan CM2 ma yana iya ɗaukarsa da hannu guda. Na same shi cikin kayan gwanjo da ake kawowa daga Kwatano, mai shi yana ganin mataccen radiyo ne. Shekarun da na yi ina kiɗa da shi sun koya mini wani abu a kan kayan da muke miƙa wa mai koyo, shi ne nake so mu tattauna.

Wanda ya ƙirƙiro shi, Leo Fender, ba makaɗi ba ne, bai ma iya gita ba. Mai gyaran radiyo ne a garin Fullerton na jihar Kalifoniya. A 1948 kamfaninsa ya fitar da wannan ƙaramin ampili don ƴan koyo, yaran da iyayensu suka saya wa gitar farko. Shi ne mafi araha a cikin kayansa. Wasu daga cikin na shekarun 1950 maɓalli guda gare su, na ƙara murya da ragewa, shi ke nan. Nawa yana da ukku: na murya, na siririn sauti, da na kauri. Su ma Turawan Ingila sun yi irinsa, Vox AC4, kamfanin Gibson kuma ya yi GA-5. Duk manufarsu ɗaya ce, yaro ya samu abin koyo a ɗaki ba tare da ya tada unguwa ba.

In ka leƙa bayan akwatin, kwalabe ukku za ka gani a rataye, kawunansu na kallon ƙasa. Ta farko, 5Y3, ita ce ke maida wutar kuran mai kai da komowa ta zama mai tafiya hanya ɗaya. Ta biyu, ƴar ƙarama, 12AX7, wadda a Turai ake kira ECC83, ita ke karɓar ɗan abin da ya fito daga gita. Abin kuwa kaɗan ne ƙwarai: tsirkiyar ƙarfe ce ke kaɗawa a kan maganaɗisun da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, sai a samu ƴar wutar da galibi ba ta kai volt 1 ba. Ta ukku, 6V6, ita ke ba ta ƙarfin da za ta iya motsa lasifika mai faɗin santimita 20.

Yadda kwalbar ke aiki ba wuyar ganewa. An zuƙe iskar cikinta kaf. A tsakiya akwai ƴar waya da ke yin ja in ta ɗau zafi, zafin ya sa ƙwayoyin lantarki su tashi su nufi wani farantin ƙarfe da ke ɗauke da ɗaruruwan volt. Tsakaninsu an gitta wata siririyar raga. Duk wanda ya taɓa zuwa gonakin rani na Jirataua ya ga yadda mutum guda ke murɗa ƙofar ruwa da hannu, ruwa mai yawa ya kwararo ko ya tsaya. To ragar nan ita ce ƙofar, ƴar wutar gita kuma ita ce hannun. Ba ampili ne ke ƙirƙirar sauti ba, ƙaramin motsin yatsanka ne ke juya babbar wuta yadda ya so. Wannan dabara ta tsufa: John Ambrose Fleming ya yi kwalbar farko a Ingila a 1904, Lee de Forest ya ƙara mata ragar a Amurka a 1906. Da ita aka yi radiyo da talabijin da kwamfutocin farko, kafin taranzisto, wanda aka ƙirƙiro a 1947, ya zo ya kore ta daga kusan ko'ina. Makaɗan gita suna cikin ƙalilan da suka ƙi sakinta.

Dalilin ƙin nasu yana cikin kunne. In na taɓa tsirkiya a hankali, muryar takan fito garau, kamar an buga tasa sabuwa. In na ƙara nauyin hannu, maɓalli yana inda yake, sai ta fara kauri, ta ɗan shaƙe, ta yi gurnani. Kwalbar ce ta kai iyakar ƙarfinta, amma ba ta tsinkewa farat ɗaya, a sannu take lanƙwasa sautin. Injiniyoyin dā aibi suka ɗauki wannan, suna ta neman maganinsa, makaɗa kuwa suka ce ai nan daɗin yake. Mu wannan ba baƙon abu ba ne a kunnenmu. Shaƙewar muryar goge da ƴan ƙarafan da ake ɗaura wa kan garaya don su riƙa kaɗawa, duk neman wannan ƙaiƙayin ne a cikin sauti.

Babban ampili mai wat 50 ko 100 shi ma yana yin gurnanin, amma sai an buɗe shi har kwanon rufi ya fara rawa. Ƙaramin yana kaiwa wurin tun kunne bai wahala ba. Kuma kar lissafi ya ruɗe mu: wat 50 bai ninka wat 5 sau goma a kunne ba, kamar ninki biyu kawai ake jin sa. Shi ya sa manyan makaɗa suka riƙa shiga ɗakin naɗar sauti da abin da aka yi don yara. Da irin wannan Champ ɗin Eric Clapton ya naɗi Layla a 1970. Makirfo bai san girman akwati ba, abin da ya shiga cikinsa kawai ya sani.

Ga inda abin ya shafe mu a matsayin malamai. Wannan akwati ba ya rufa wa kowa asiri. In yatsa bai danne tsirkiya da kyau ba, za a ji. In hannun dama ya yi gaggawa, za a ji. Babu amsa-kuwwa da za ta lulluɓe kuskure, babu maɓallin da zai maida kai gwani. Ƴata ta fari, da ta nuna sha'awar koyo, a kansa na zaunar da ita. Makonnin farko fushi ta riƙa yi, tana cewa a salular ƙawarta akwai manhajar da ke sa kome ya yi daɗi. Gaskiyarta, akwai. Sai dai wadda manhaja ta yi wa kwalliya ba ta san inda hannunta ya gaza ba, balle ta gyara. Bayan wata biyu ita da kanta take tsayawa ta sake layin da ya shaƙe, ban ce mata kome ba. Kunnenta ya fara yi mata aikin da nake yi wa ɗalibai da jan biro.

Mun san wannan a aji. Allo da alli ba su da ado, amma yaro yana ganin kuskurensa a kai, ya goge ya sake. Yanzu muna cikin zamanin da uba zai ci bashi ya sayo wa ɗansa salula mai tsada da sunan karatu, alhali na'urar an gina ta ne don ta ɓoye wahala, ta ba da amsa kafin a yi tambaya. Ni ban ƙi sabon abu ba, da shi nake rubuta wannan. Abin da nake cewa shi ne, kayan farko na mai koyo ya kamata ya zama mai ƙarancin maɓalli, mai faɗin gaskiya.

Abu na biyu: ana iya gane shi tun daga farko har ƙarshe. Zanen hanyoyin wutarsa duka shafi guda ne, a cikin akwatin ma an liƙa ƴar takarda mai nuna mazaunin kowace kwalba. Lokacin da muke makarantar horon malamai an koya mana darasin lantarki, mun haddace, mun ci jarrabawa, amma yawancinmu ba mu taɓa ganin inda wutar ke bi ba. Shi ya sa sau ɗaya a shekara nake kai shi aji. Nakan jera yara nesa kaɗan, in juya musu bayansa, in kunna. Shiru na ƴan daƙiƙoƙi, sannan ja ya fara bayyana cikin gilashi, sannan murya ta zo. Kullum sai wani ya tambaya me ya sa bai yi magana nan take ba kamar salula. Daga wannan tambaya darasin zafi da wuta da sauti ke fitowa, ba sai na ja su ba. Gani ya kori ji. Washegari kuma kowane rukuni ya zo da pil da ƙwan tocila da guntun waya, su haɗa nasu.

Kar in yi muku daɗin baki kawai, riƙon irin wannan abu a ƙasarmu yana da wahala. An yi shi don wutar Amurka mai volt 120, tamu kuwa 220 ce, don haka dole sai da taransfo mai rage wuta, in ba haka ba hayaƙi zai tashi. Wutar kuma takan hau ta sauka, sai an haɗa da regilatar. Kwalaben da kansu zafi suke fitarwa, ga zafin Afrilu da Mayu mai wuce 40, shi ya sa ba na jingina shi da bango, kuma ba na barin sa a kunne in ba kiɗa nake ba. Lokacin hunturu ƙura takan shiga maɓallai su riƙa ƙarar yashi, sai an rufe shi da zane. Ba a kunna shi in lasifika a cire take, taransfon da ke tsakaninsa da ita zai iya ƙonewa. Kwalaben ba a samun su a kasuwa, sai an yi saƙo. Ƴan masana'antun da suka rage suna ƙera su yawanci a Rasha da Sulobakiya da Sin suke, kuma a 2022 da yaƙin Yukiren ya tashi sun yi wuya, sun yi tsada a duniya duka.

Akwai kuma gargaɗin da nake roƙon kowane uba ya riƙe. A cikin waɗannan na'urori akwai wuta sama da volt 300, kuma akwai ƴan gwangwanaye masu ajiye wuta, kwandansatar, waɗanda ke iya riƙe ta ko bayan an zare waya daga bango. Tana iya kisa. Haka tsohon radiyo mai lamp yake, tsohuwar talabijin ma ta fi. Yaro ya kalla, amma kar ya sa hannu a ciki. Nawa, wani dattijo mai gyaran radiyo ne ya tashe shi: ya sauke wutar da ta kwanta, ya canza kwandansatar da suka bushe don tsufa, ya sa masa waya mai baki ukku don wuta ta samu hanyar ƙasa maimakon ta bi ta tsirkiya zuwa jikin makaɗi. Yini biyu ya yi. Ya faɗa mini rabon da wani yaro ya zo koyon aiki wurinsa an daɗe, duk sun koma canza gilashin salula. Ranar da irinsu suka ƙare, ilimin da ke kawunansu ya tafi ke nan, ba a rubuta shi ko'ina ba.

Don haka ba cewa nake ku je ku nemi Fender Champ ba. Masu tara kayan tarihi a Turai da Amurka sun sa kuɗinsa ya wuce aljihun malamin makaranta, ni ma dace na yi. Ƙaramin ampilin taranzisto mai aiki da batir ya fi dacewa da ƙauyen da babu kuran, kuma kaya ba su ne gwaninta ba. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa da yanzu ake sauraro a duniya, gitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke. Na san kuma akwai iyayen da ba sa son ganin gita a gidansu sam, suna tsoron kar yaro ya bar karatu ya bi roƙo. Wannan hukuncin gidansu ne, ba zan yi musu shisshigi ba. Maganata ta wuce gita.

Duk abin da za ka sa a hannun mai koyo, ko keken ɗinki ne, ko na'urar lissafi, ko littafi, ka tambayi kanka abu ukku. Yana nuna wa yaro kuskurensa ko yana ɓoye masa? Yaro zai iya gane yadda yake aiki? In ya lalace, akwai mai gyara shi a garin nan? In tsohon radiyon kaka yana nan a ƙarƙashin gado, kar a sayar wa masu awon ƙarfe. A ɗauki yaro a je da shi rumfar mai gyara, a zauna, a bar shi ya ga an buɗe, ya yi tambaya. Mu kuma malamai, mu gayyato irin waɗannan dattawa aji ko sau ɗaya a shekara, tun suna da rai da lafiya. Kuɗin shayinsu ba zai gagare mu ba.

Allah ya yi wa ƴaƴanmu albarka, ya sa mu dace.