Lokacin da Shamuwa Ke Yi Mana Albishir da Damina

Mu da muka tashi a Minna a shekarun 1980, tsuntsaye ne kalandarmu ta farko. Garin bai daɗe da zama babban birnin Jihar Neja ba, a 1976 aka ba shi wannan matsayi, kuma daga Limawa ko Unguwar Daji yaro ba ya wata doguwar tafiya kafin ya faɗa daji. Hanyar Bosso cike take da gonakin doya na Gbagyi, kaɗanya da ɗorawa a tsaitsaye a cikinsu, kowace bishiya da masu kwana a kanta.

Idan zafin bazara ya kai maƙura, sai a wayi gari a ga shamuwa garke-garke suna shawagi, sun taso daga kudu sun nufi arewa. Kakata takan ɗaga kai ta ce, "To, a fito da iri, ruwa ya kusa." Duk ƙiriniyarmu da danƙon harbi, ba mai taɓa shamuwa, don wanda ya jefe ta sai ya sha dukan manya. Bayan ruwan farko shinge kan ɓarke daga gidajen gara. Da daddare mu ajiye kwanon ruwa a gindin fitila muna tara na suya. Da rana kuwa rabon tsuntsaye ne: shirwa ta sauko ta cafke shi da ƙafa tana ci a sama ba tare da ta sauka ba, tsattsewa na yanka iska ta ƙarƙashinta. Da yamma balbelu su baro shanun Fulani a bakin kogin Chanchaga, su jero farare tas zuwa makwancinsu.

Sai da na girma na gane cewa duk wannan lissafi ne. Tsuntsuwa kan saka ƙwai daidai lokacin da 'ya'yanta za su ƙyanƙyashe su tarar da fara da tsutsa a yalwace. Lissafin nan ne sauyin yanayi ke rikitawa. Yanzu ruwa kan sauka a Afrilu, manomi ya yi shuka, tsuntsu ya yi sheƙa, sai sama ta ɗauke makonni. Ciyawa ta bushe, ƙwari su ɓace, 'yan tsaki su mutu da yunwa. In kuma ruwan ya tashi zuwa, ya zo gaba ɗaya, irin wanda ya cinye rayuka masu yawa a Mokwa a ƙarshen Mayun 2025. Ruwa irin wannan ba ya barin ƙwan fakara ko na zabon daji da ke kwance a ƙasa. A watan Maris nakan ga kurciya ta lafe a ƙarƙashin tankin ruwa, baki buɗe, fikafikai a sake, tana haki.

Abin bai tsaya kanmu ba. A 1969 masu lura da tsuntsaye a Ingila sun ga wata 'yar tsuntsuwa mai farin maƙogwaro ta ragu ƙwarai, bincike ya nuna farin Sahel, inda take cin rani, shi ya halaka ta.

Ba kuma yanayi kaɗai ke da laifi ba. Buhunan gawayin da ke jibge a bakin hanyar Bida bishiyoyi ne da suka taɓa ɗaukar sheƙa. Maganin feshi ya rage fara. Ungulun da ke cika mahauta muna yara, farauta don tsibbu da guba ne suka ƙarar da ita, har a 2015 aka sanya ta cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya. Zafi na ƙaruwa, mu kuma muna sare inuwar da za su fake.

Akwai abin da ke hannunmu. A bar kaɗanya da ɗorawa a gona. A ajiye kaskon ruwa a tsakar gida da bazara. Ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Gidan Kwano su riƙa rubuta ranar isowar tsuntsaye masu ƙaura duk shekara, a san me ke canzawa. A koya wa yara sunayen tsuntsaye da harshensu, don wanda bai san suda da carki ba, ba zai lura da ɓatansu ba. Ruwan da ya yaudari tsuntsu shi ne ke yaudarar manomi, don haka kula da su kula da abincinmu ne.