Gidan Ƙanƙara na Burosar: Abin da Na Gani a Ƙasar Kanada

Tun da na komo Gugaram daga ƙasar Kanada, inda na je ziyarar ɗana da yake neman ilmi a birnin Monreyal, babu majalisar da zan zauna, ko a bakin rijiya ko a ƙofar masallaci bayan la'asar, face an tambaye ni abin da ya fi ba ni mamaki a can. Da yake kuwa amsar da nake bayarwa ba ta gamsar da masu tambaya, domin su labarin dogayen benaye da jiragen ƙarƙashin ƙasa suke son ji, ni kuwa wani gidan wasa nake ambata musu, sai na ga ya kyautu in rubuta al'amarin filla-filla, mai karatu ya yi hukunci da kansa.

Ba zan tsawaita a kan hanya ba. Wanda ya san titin Arlit zuwa Agadas, wanda aka shimfiɗa saboda manyan motocin uraniyom, kwalta kuwa ta daɗe da yin sallama da shi a wurare da yawa, ba ya bukatar a faɗa masa yadda ƙashin dattijo yake kwana bayan an sauka. Daga Yamai jirgi ya kai ni Kasabalanka, wani ya ƙetare teku da ni, muka sauka a watan Janairu na 2025 cikin wani sanyi wanda hunturun duwatsun Abzin, da muke kuka da shi kowace shekara, bai isa a ambace shi tare da shi ba.

Da yake ɗakin ɗalibai ba ya ɗaukar baƙo, sai yaron ya kama mini wani masauki mai araha, wanda ba zan ambaci sunansa ba, Allah ya shirye su. Tagar a liƙe take, ba ta buɗuwa. Warin tsohuwar taba ya kama labule da katifa. Bututun ɗumama ɗaki yana ta ƙwanƙwasa har asuba. Abin da ya fi duka ƙona mini rai shi ne babu buta a makewayi, sai da na mai da gorar ruwan sha abin tsarki da alwala. Mai tsaron wurin kuma, in ka yi masa sallama, sai ya dube ka yana jiran ka faɗi abin da ya lalace. Kuɗin dare guda a nan ya isa hayar ɗaki ta wata a Akokan, garin ma'aikatan ma'adinai.

Allah cikin ikonsa, ranar Juma'a bayan an sallame, na ji wani a bayana yana magana da Hausar Damagaram tsantsa. Muka gaisa, ashe direban tasi ne da ya daɗe a ƙasar. Da ya ji inda nake kwana sai ya kama baki ya ce, "Haba Baba, ai abin kunya ne a gare mu dattijo kamarka ya kwana a ɗakin haya alhali muna cikin garin nan." Na kawo uzuri, ya ce, "Baba, kayanka kawai za mu ɗauko." A daren nan na ci tuwo da miyar kuka a gidansa da ke Burosar, a hayin kudu na kogin San Loran, maiɗakinsa ta ba ni ɗakin 'ya'yanta, ta ajiye mini buta da darduma, ni kuma na buɗe ƙullin shayi da cukun da na zo da su, muka yi dahuwa uku yadda ake yi a gida. Wannan bawan Allah shi ne sanadin abin da zan ba da labari, domin ɗansa na fari ya kamu da son wasan hoki, har uban yana kashe masa abin da bai so ya faɗa mini ba a kan takalma da sanduna.

Gidan da ya kai ni sunansa Complexe sportif CN, an buɗe shi a 2008, kuma nan ne ƙungiyar Canadiens ta Monreyal take yin horo. Lalle a lura, ba a nan ake karawa ba. Filin karawa yana tsakiyar birni, sunansa Centre Bell, yana ɗaukar mutum kimanin 21,000. Wannan na Burosar domin gwaji aka gina shi, amma a cikinsa akwai filayen ƙanƙara biyu da filin ƙwallon ƙafa mai rufi. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne, ga ƙanƙara jibge a waje kyauta, har hukuma tana biyan motoci su kwashe ta daga titi, amma mutanen nan sun shiga cikin gini suna ƙera tasu da inji. An binne bututai a ƙarƙashin daɓen siminti, ruwan sanyi yana zagayawa a ciki, aka yayyafa ruwa a kai har ya daskare, tsawon filin mita 61, faɗinsa mita 26, kaurin ƙanƙarar kuwa bai wuce yatsu biyu ba. In an tashi daga horo sai wata mota da ake kira Zamboni ta shigo, tana kankare saman, tana zuba ruwan zafi a baya, ta bar wurin sumul kamar daɓen da mata suka gama goge shi da dutse. Ni da na bar mutane suna jan guga da raƙumi domin shayar da garka, na tsaya ina duban ruwan da aka dafa domin a daskarar da shi a taka, ban san lokacin da na yi salati ba. Amma ban kira shi almubazzaranci nan take ba, domin lardin Kebek, inda Monreyal take, ƙasar koguna ce, kusan dukan wutarsu daga madatsun ruwa take fitowa, ba irin tamu ba da ake ƙona gawayin Anu Araren kafin fitila ta kama a Arlit.

Muka tsaya a bene muna kallo ta bayan gilashi. Samari ne ƙarfafa, sun sha sulke tun daga kai har ƙafa, a ƙarƙashin kowane takalmi akwai kaifin ƙarfe, suna sulalawa da gudun da ido ba ya iya bi, suna kora wani ɗan baƙin faifan roba da sanda mai lanƙwasa. Mai horar da su, Martin St-Louis, gajere ne, shi ma tsohon gwani, da ya busa usur sai kowa ya tsaya cik. Hakika na yaba da wannan ladabi, na kuma yaba da abin da mai masaukina ya lissafa mini na ma'aikatan da ke bayan fage: likita, da mai tausa, da mai dafa abinci, da mai wasa kaifin takalma, da wanda aikinsa kawai ya ɗauki hoton horon a zauna a duba kurakurai. Abin da ban gane hikimarsa ba shi ne, a ranar karawa 'yan wasa biyu sukan yar da safar hannu su dambace, alƙalai suna tsaye suna kallo, hukuncin kuwa galibi zaman minti 5 ne a gefe.

Da na ƙara zura ido sai na fahimci cewa kasuwa nake ciki, wasan kuwa haja ce ɗaya daga cikin hajojinta. Sunan gidan kansa abin sayarwa ne: da can sunan kamfanin tarho na Bell yake ɗauke da shi, yanzu na kamfanin jirgin ƙasa na CN. Katangar da ta kewaye fili an sayar da ita taki-taki ga masu talla, haka kwalkwalin 'yan wasa, har rigar ƙungiyar, wadda mutanen garin suke girmamawa tun kafuwarta a 1909, an liƙa mata tambarin bankin RBC a 2022, magoya baya suka yi gunaguni, tambari kuwa yana nan. Sa'o'in da ƙungiya ba ta horo ana ba da filayen haya ga yara da manya. A 2013 kamfanin Rogers ya amince zai biya dalar Kanada biliyan 5.2 domin ikon nuna wasannin a talabijin shekara 12. Ƙungiyoyi 32 ne a gasar da Canadiens take ciki, 7 a Kanada, saura a Amurka, kuma masu su sun yi ittifaƙi da 'yan wasa a kan haddin da ba a ƙetarewa: a kakar da na je, babu ƙungiyar da aka yarda albashin 'yan wasanta ya wuce dalar Amurka miliyan 88, mafi ƙarancin albashin mutum guda kuwa dala 775,000 ne. Wannan haddi ya burge ni, domin yana hana mawadaci ya saye gwanaye duka. Kuma ga abin ta'ajibi: Canadiens sun ci kofin gasar, wato kofin Stanley, sau 24, fiye da kowa, amma rabonsu da shi tun 1993, duk da haka kujeru ba sa zama babu kowa.

Sai dai akwai abin da zuciyata ta ƙi. Ana musayar ɗan wasa tsakanin ƙungiyoyi, sau da yawa ba da shawararsa ba, ya kwana ɗan Monreyal ya tashi ɗan wani gari mai nisa, matarsa tana ɗaure kaya. Iyalin Molson da suka sake sayen ƙungiyar a 2009 sunansu a kan giya ya shahara tun 1786. Tun 2021 kuma doka ta halatta caca a kan wasa ɗai-ɗai, har ba ka iya kallon talabijin da yaro ba tare da an kira shi zuwa ga haram ba. Malaman fiƙihu sun halatta sanya lada a tseren raƙumi da doki da harbi bisa sharuɗɗa sanannu, amma ba su halatta wa ɗan kallo ya zuba dukiyarsa a kan gaibu ba.

Na ce wa mai masaukina, duk da wannan daula ban ga abin da ya kai kokawarmu armashi ba. Tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauka, har wadda aka yi a Agadas a watan Disamba na 2023, inda na ga Issaka Issaka na Doso ya sake ɗaukar takobin, ɗan kokawa da sunan jiharsa yake shiga fage, makaɗi yana zuga shi, shi kuma yana kirari da bakinsa, babu mai iya sayar da shi ga wata jiha da dare. Ya yi murmushi ya ce, "Gaskiya ne Baba, amma in kafaɗarsa ta goce, wa yake biyan maɗori?" Ban sami amsa ba. 'Yan kokawa 80 ne suke haɗuwa daga jihohi 8, in an watse mafi yawansu gona da kiwo suke komawa. Haka ƙungiyoyin ƙwallonmu, Urana da Akokana, ba su da madogara mai ƙarfi, sunayensu ma daga ma'adini da garin ma'aikata suka fito. Wanda ya ga yadda Akokan ta yi sanyi bayan rufe kamfanin ma'adinai na Cominak ranar 31 ga Maris 2021 ya san haɗarin jingina komai a kan kamfani guda.

Sauran zamana babu abin faɗi a ciki. An kai ni kantuna, an nuna mini wata babbar majami'a a kan dutse, sanyi ya hana ni sakewa, na ƙosa in komo.

Kirana ga attajiran Arlit da Agadas da magadan garuruwanmu shi ne, a samar wa 'yan kokawa da 'yan ƙwallon jihar nan fili mai katanga da inuwa inda za su riƙa horo duk shekara, a ɗaukar musu likita, a rubuta yarjejeniya a kan abin da za a ba wanda ya karye. In sayar da katangar ga masu tallar shayi da shinkafa ne zai biya wannan, a sayar. Masu caca kuwa kada a ba su ko taki ɗaya.