Kumbon Kara a Kaugama

Da zarar an gama girbi a ƙasar Kaugama, karan dawa yakan zama dukiyar kowa. Manya su yi darni da rumfa, yara kuwa su fere ɓawo, su yanka totuwa, su haɗa mota da keke da tabarau. Saboda haka lokacin da wani malamin firamare na garin ya ƙudurta nuna wa 'yan aji shida irin kumbon da ya kai mutane duniyar wata a shekarar 1969, bai rasa masu hannu ba. Wahalar da ya sha ita ce ta shawo kansu su yarda cewa awo yana gaba da ado.

Rokar da ta ɗauki kumbon Apollo 11, wato Saturn V, tsawonta ya kai mita 110, faɗin gindinta kuma mita 10. Malamin ya yanke cewa kowace mita ɗaya za ta koma santimita ɗaya. Ke nan abin da za su gina zai tsaya a mita ɗaya da santimita goma. Gangar jikin ba ta ba su wuya ba. An naɗe kwali hawa uku, an liƙe da ƙaro, an shafe da farar ƙasa, cikin kwana biyu an gama.

Ƙananan abubuwan ne suka ci makonni. Akwai wani yaro a ajin wanda ya fi kowa iya riƙe reza, shi aka danƙa wa wannan aiki. Da ya kawo abin da ya yi, sai ga fukafukai biyu manya irin na jirgin sama, ga kuma tagogi a jere tun daga sama har ƙasa kamar motar haya mai zuwa Haɗejiya. Aikin ya yi kyau matuƙa, kuma a nan haɗarin yake, domin yara arba'in za su tashi da imanin cewa roka tana cike da fasinjoji. Idan kuwa aka ce masa ya yi kuskure a gaban 'yan'uwansa, da wuya ya sake ɗaukar reza.

Malamin bai taɓa tagogin ba. Ya ce masa ya sassaƙa mutum ɗaya a bisa awon da aka yi yarjejeniya. Yaron ya yi lissafi, ya ga mutum ba zai kai santimita biyu ba, kamar ƙwayar gyaɗa.

"Malam, to su nawa ne a ciki?"

"Uku. Nemo musu wurin zama."

A hoton da ke hannun malamin, ɗakin 'yan sama jannatin wani ɗan mazubi ne can kusa da ƙololuwa, wanda faɗinsa bai wuce mita huɗu ba, wato santimita huɗu a nasu ginin. Mafi yawan abin da ke ƙasa da shi tankunan mai ne. Hawa na farko ma wani tataccen kananzir yake sha, haɗe da iskar shaƙa da aka sanyaya har ta zama ruwa. Wa zai leƙa ta tagar tanki? Yaron da kansa ya kankare tagoginsa. Kuma wannan ɗan mazubin shi kaɗai ya dawo da Armstrong da Aldrin da Collins duniya.

Daga nan kowane ɗan ƙaramin abu sai ya faɗi aikinsa kafin a liƙa shi. Injuna biyar na gindi, da farko an so a yi su da murfin kwalbar lemo, amma da aka gwada sai ya gaza, aka yanka gwangwanin madara. Fukafukan suka koma 'yan ƙanana guda huɗu a can ƙasa. Baƙin zanen da aka yi da gawayi ma yana da dalili: da shi masu ɗaukar hoto daga ƙasa suke gane ko rokar tana juyawa. Tsinin da ke saman kuwa, wanda aka kafa da ƙayar aduwa, wata 'yar roka ce ta fizge ɗakin mutanen idan an sami matsala wajen tashi.

A kan tuta kaɗai suka yi jayayya mai tsawo. Yaron ya so ya shafa kore da fari. Malamin ya ƙi, domin kumbon na Amurka ne, ko da yake ya gaya musu cewa ƙasar nan ba baƙuwa ba ce a labarin: akwai tashar bin sawun kumbo a Kano lokacin da John Glenn ya kewaya duniya a 1962. Sannan a watan Satumba na 2003 aka harba NigeriaSat-1 daga Plesetsk ta ƙasar Rasha, tauraron da nauyinsa bai wuce na buhun gero ba sosai, kowane gefensa kuma bai kai mita ɗaya ba.

Washegari yaron ya zo da wani ɗan guntun totuwa mai kusurwa huɗu, ƙasa da santimita ɗaya, a soke a kan ƙaya. Ya goga masa ɗanyen ganye a gefe biyu, ya bar tsakiya fari, ya kafa shi a gefen rokar. Sai da 'yan bayan aji suka taso suka matso kafin su gan shi.